Fitilar Roba da Dogo Ya Saya

Dogo ma'aikacin gidan burodi ne, shi ke kwaɓa fulawa daga tsakar dare har asuba. Tsakanin gidansa da wurin aiki tafiyar rabin awa ce a keke, kan wata kwalta da ta ratsa fadama, babu gida babu fitilar titi. Tun ranar da wata babbar mota ta kusa markaɗe shi a duhu, matarsa ta kafe cewa ba zai sake fita ba sai da fitila.

Gab da magariba ya biya shagon mai kayan keke. Mutumin ya jera masa kala uku. Ta farko mai caji ce, jikinta ƙarfe, ruwan sama ba ya shigarta. Dogo na jin kuɗinta ya dire ta kamar ta ƙona shi. Ta biyu mai batir ce, haskenta ja, ko gaban taya ba zai wuce ba. Ta uku 'yar ƙarama ce ta roba, amma da aka kunna ta sai da ya runtse ido. Mai shagon ya ce haske kam akwai, sai dai makunninta ba shi da tabbas, gara ya daure ya ɗauki ta ƙarfen. Dogo ya yi dariya ya ce shi hanya zai gani, ba filin ƙwallo zai haska ba. Ya ɗaure ta robar a hannun keke ya tafi.

Sha ɗaya da rabi ya fito daga gida. Fitilar ta tsaga duhu fes, har yana yaba wa kansa wayo. Kwaɗi na kuka a fadama, sarƙar keke na 'yar ƙara.

Yana kusantar kwalbati, kwaɗin suka yi tsit gaba ɗaya. Iska ta tsaya. Wani wari ya bugi hancinsa, kamar an zuba ruwa a toka mai zafi.

Tayar gaba ta faɗa rami. Fitilar ta girgiza, ta koma ƙiftawa.

A haske na farko ya ga mutane zaune a tsakiyar kwalta, sun kai goma, lulluɓe da baƙaƙen zannuwa. Sun ba shi baya, sun kewaye wani abu da ke kwance.

Duhu.

Da hasken ya dawo, duk sun juyo. Jikinsu bai motsa ba, kawunan ne kawai.

Ya damƙe birki, ƙafarsa ta sauka ƙasa. Ya danna makunni. Ya sake dannawa. Fitilar ta ci gaba da ƙiftawa, tana dukan fuskokinsu. Idanunsu na mayar da haske kamar na mage.

Ɗaya ya miƙe. Tsawonsa ya wuce na ƙofar ɗaki.

Duhu. Haske. Ya zo rabin hanya, ba a ji takunsa ba.

Duhu.

Numfashi mai sanyi ya sauka a kunnen Dogo.

"Kashe ta," in ji wata murya a hankali. "Muna da marar lafiya."

Da ƙyar Dogo ya ce, "Ta ƙi mutuwa."

Abin da ke kwance ya saki wani dogon nishi. Sauran suka fara miƙewa.

"Ba a faɗar wannan kalma a gaban marar lafiya," in ji muryar.

Dogo bai san lokacin da ya fizge fitilar ba. Abin da ya ɗaure ta da shi ya tsinke, ya wurga ta cikin ciyawa. Ya juya keke, ya taka feda da duk ƙarfinsa, bakinsa na karanto duk addu'ar da ta zo masa.

Sai ya ga inuwarsa a gabansa, tana bayyana tana ɓacewa.

An ɗauki fitilar. Ana biye da shi.

Bai waiwaya ba. Kowace ƙiftawa inuwar na ƙara kauri, hasken na matsowa. Wani abu ya shafi kariyar ɗora kaya ta keken, tayar baya ta yi nauyi.

Can wani kare ya yi haushi daga gidajen farko na unguwa. Nauyin ya sake shi lokaci ɗaya, har ya kusa kifewa. Hasken ya tsaya a baya.

Matarsa ta buɗe ƙofa ta same shi durƙushe, jiƙe sharkaf da gumi, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ja shi ciki.

Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Da ya tashi ya roƙi maigidansa ya mayar da shi aikin rana, ya kuma koma shagon ya sayi ta ƙarfen ba tare da ya nemi ragi ba. Hanyar fadama kuwa ya bar ta har abada, gara ya zagaya ta cikin gari.

Ranar da ya koma aiki, mai gasa burodi ya tare shi da fara'a, ya ce ai tun shekaranjiya ya san ya warware. Dogo ya tambaye shi ta yaya.

"Ba mun haɗu a kwalbati da dare ba? Fitilarka na ƙiftawa. Na ce Dogo, yaya jiki? Ka ce mini da sauƙi."

Shekaranjiya Dogo na kwance, matarsa na goga masa ruwa a goshi.