Man Gyaɗa a Tayar Baya

Ranar kasuwar Tsanyawa Aina'u ta fara ganin Sama'ilu. Tana zaune a bayan akori-kurar babanta, Malam Nata'ala, ta tokare jarkokin man gyaɗar da take sayarwa da ƙafa. Baban ya taka birki a gaban rumfar masu gyara, motar ta karkace hagu, saura kaɗan ta hau tumakin mutane.

Wani saurayi, wato Sama'ilu, ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya tsuguna a tayar baya ta dama, ya shafo maiƙo da yatsa, ya kai hanci.

"Baba, me kake zubawa a wurin man birki?"

"Abin da kowa yake zubawa."

"To wannan dai da shi ake suyar ƙosai."

Rumfa ta ɗauki dariya. Aina'u ta toshe baki da mayafi, don yanzu ta gane inda rabin kwalbarta yake tafiya. Ta ɗago, suka haɗa ido da saurayin. Malam Nata'ala ya figi mota ko sallama babu.

Kafin la'asar Sama'ilu ya gano inda take kasa kaya. Ya sayi kwalba ɗaya, alhali ko tukunya ba shi da ita, ya kwafe lambar wayar da ke jikin jarka. Da dare ya rubuto mata saƙo.

"Mai ƙuli, na iso gida lafiya. Ke fa, da wannan motar?"

"Injiniya, mun iso. Amma Baba ya ce ko sunanka kada ya ji."

"Ai bai san sunana ba."

"Ya raɗa maka. Mai Dogon Baki."

Wata biyu suna haka. Da kawun Sama'ilu ya je neman izini, Malam Nata'ala bai ɓoye komai ba. "Yaron da ya mai da ni abin dariya a kasuwa? Ku sha ruwa ku koma."

Sai ga Nababa, dillalin shanu, ɗan abokin Malam. Shi bakinsa zuma ne. Ya zagaya motar ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau, hassada ce kawai." Ya matse wayar birkin hannu, ya wanke hannu, ya nemi a kira masa Aina'u.

Labari ya kai wa Sama'ilu. Sai a rana ta uku ya rubuto mata.

"Na ji an samu sabon makaniki. Allah ya sanya alheri."

"Kishi bai yi maka kyau ba. Ruwa kawai na kai masa, shi ma Inna ce ta sa ni. Jibi za mu Bagwai da buhun gyaɗa ashirin, ni a saman kaya."

Nan take amsa ta shigo.

"Zuciyata, ki yafe min. Ki ƙi ni in kin so, amma kada ki hau motar nan da lodi sai an gwada. Ku sa duwatsu a tayoyin gaba. Ku ɗaga baya da jak. Ki juya taya da hannu, Baba ya taka birki. In ta tsaya cak, ni ne maƙaryaci."

Da safe Aina'u ta durƙusa gaban babanta, yana shan koko a zaure. Ta faɗa masa komai.

"Baba, in tayar ta tsaya, a gabanka zan goge lambarsa."

Ya dube ta. Mutum ne mai son ya ci gardama, kuma ya ga dama ta zo har gida.

"Ɗauko jak."

Suka fara da hagu. Ta juya taya, ya taka, ta tsaya cak. Malam ya leƙo ta taga yana murmushi.

"Ina wayar taki?"

"Saura ɗaya, Baba." Ita ma ba ta da tabbas.

Suka ɗaga dama. Ta juya da dukan ƙarfinta.

"Taka."

"Na taka."

"Taka sosai, Baba."

"Ke, ƙafata har ƙasa take."

Taya tana ta juyawa abinta kamar injin markaɗe.

Ya sauko, ya kwanta a ƙasa da kansa, ya leƙa. Bayan tayar ya jiƙe sharkaf, kiyashi sun yi layi tun daga gindin katanga suna hawa. Inna Hure, mahaifiyar Aina'u, ta leƙo daga ƙofa.

"Malam, kiyashi na shan man birki ne?"

Ya daɗe a kwance. Can ya ce, "Sau uku ne kawai na zuba. Kira min Mai Dogon Bakin."

Sama'ilu ya zo a babur da kayan aiki. Wannan karon ya cire takalmi, ya gaisa, ya jira har maƙwabtan da suka taru suka watse. Sannan ya nuna wa Malam robar da ta kumbura ta saki mai, da shu ɗin birkin da ya sha maiƙo har ba ya kama ƙarfe. Ya sauya su, ya zubar da tsohon mai gaba ɗaya, ya zuba na gaskiya. Bai ambaci ƙosai ba.

"Ashe ka iya magana a hankali," in ji Malam.

"An koya min, Baba."

"Wanda ya gaya min abin da nake so, da ya jefa min 'ya a rami. Ka ce wa kawunka ya dawo. Ya zo da goro."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Nata'ala ya ƙi yarda wani ya kai kayan ɗaki, shi ya tuƙo su a akori-kurarsa. Da ya iso ƙofar gidan ango ya taka birki, mota ta tsaya sak, ko kwano ɗaya bai motsa ba. Ya sauko ya miƙa wa Sama'ilu jarkar man gyaɗa.

"Wannan na kicin ne. Kada in ji an kai shi gareji."

Aina'u tana cikin lulluɓi, dariya ta ƙwace mata. Malam ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya sa kullum ku riƙa gaya wa juna gaskiya, amma ban da cikin kasuwa."

Aka shafa, aka ce amin.