Tantunan Chinyere

Da safiyar Litinin Chinyere ta buɗe shagonta a Sabon Gari, ta tarar da kantar kaya wayam. Kwaɗo lafiyarsa lau, amma tantunan da ta yi wata guda tana ɗinkawa sun yi ƙafa. Ƙanana ne, na kwanan mutum ɗaya, kuma jibi ɗaliban nazarin duwatsu za su karɓa su tafi da su Riruwai.

Sufeto Basirat Rasheed ce ta zo binciken. A Fagge aka haife ta, kuma ba ta da haƙuri da surutun banza. Ta duba kwaɗon, ta leƙa ƙarƙashin keken ɗinki, ta jawo wani dami na siraran sanduna.

"Waɗannan fa?"

"Da su ake kafa tantin, ranki ya daɗe. In babu su, ƙyalle ne kawai."

Chinyere ta miƙa mata samfurin da ya rage. A naɗe bai wuce burodi ba, bai kuma fi shi nauyi ba.

Basirat ta fara da Emmanuel, maƙwabci mai sayar da gidan sauro, wanda suka sha faɗa da Chinyere a kan rumfa.

"Jiya ina Zariya biki," in ji shi, ya nuna hotuna a waya. "Kuma da ni ne, ai da sandunan zan haɗa. Wa zai sayi tanti ba sanda?"

Ta sallame shi, ta kira Malam Abdulhafiz maigadi.

"Wa ya shigo jiya?"

"Lahadi ce, Hajiya, layin a rufe. Cif Nwabueze ne kawai, yayan marigayi mijinta. Bayan tashin coci ya zo kwashe tufafin ƙaninsa. Buhun bako ya cika taf."

"Ka taya shi ɗauka?"

"A'a. Da hannu ɗaya ya fita da shi, yana lilo."

Basirat ta sami Cif a shagonsa na wayoyi da ke Bata. Ko kujera bai nuna mata ba.

"Yarinya, maganar gida ce wannan. Kin san da su wa nake cin abinci a ofishinku?"

"A ci lafiya, Cif. Buɗe mini but ɗin motarka."

Ya kira wani a waya, ya miƙo mata. Ta harɗe hannuwa ta ƙi karɓa.

"Faɗa masa ya zo da kansa. Ina nan."

Mutane suka fara taruwa. Da Cif ya ga idanu sun yi yawa, sai ya jefa mata mukulli a ƙasa. Ta tsaya ƙyam har sai da ya sunkuya ya ɗauka da kansa. Buhun na cikin but, tantunan a danne a ciki.

"Ɓarawon da ke son sayarwa ba zai bar sanduna ba," in ji Basirat da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Wanda ya yi wannan so yake matar ta ji kunya jibi, ta rasa masu sayayya. Ba a fasa kwaɗo ba, ke nan da mukullin marigayi aka shiga. Buhu cike da tufafi kuwa ba ya lilo a hannun dattijo ɗaya."

Cif ya juya ga Chinyere, wadda ta biyo su a Keke Napep.

"Shagon ƙanina ne! Tun da ya mutu na ce ki koma gida ki bar mini. Ki janye, mu zauna a taron dangi."

"A taron dangi kuka ce mace ba ta riƙe shago," in ji ta. "Na zauna, na saurara. Yau kai za ka zauna."

"Kin san abin da za a ce a kanki a gida?"

"A faɗa. A Kano na binne mijina, a Kano 'ya'yana ke karatu."

Basirat ta tambaye ta a hankali ko ta tabbata, don shari'a da dangin miji ba ta da daɗi. Chinyere ta karɓi biro ta sa hannu a takardar ƙara.

"Sufeto, idan kin gama ɗaukar hoton kayana, a ba ni. Akwai zif biyu da ban ɗinka ba."

Aka sa Cif a bayan mota. Wayarsa na ta ƙara, babu wanda ya ɗauka.