Shingen Ƙerana a Kan Dutsen Kuza

A bakin rafi Meshak ya fara ganin Hulda. Motarsa ta kafe a yashi, tsohuwar Lankuruza ɗauke da baƙi uku daga Abuja da tantunansu. Sana'arsa ke nan. Yana kwasar mutanen birni daga Kafanchan, ya hau da su tsofaffin hanyoyin kamfanin kuza, su kwana biyu a kan dutse, ya maido su.

Ita kuwa daga gonar citta take, da kwando a ka. Ta tsaya tana kallon taya na tona rami.

"Direba, daina ba ta wuta. Ja baya, ka bi ta hagu. Akwai dutse a ƙarƙashin ruwan."

"Ke direba ce?"

"A'a. Amma ni ban kafe ba."

Ya bi maganarta, mota ta fita. Kafin ya wuce ya karɓi lambarta, wai don tambayar hanya. Wata takwas ya yi yana tambayar hanya.

Wata safiya ya rubuta mata: "Cittata, muna can sama, gajimare na ƙasanmu. Ina da wani fili a shimfiɗe kamar tsakar gida, ba wanda ya san shi. Wata rana zan kawo ki."

Ta amsa: "Direban yashi, Baba ya hana mu hawa dutsen nan tun ina ƙarama. Ka sa rigar sanyi."

Ranar gaisuwar neman aure ya je da kawunsa. Mahaifinta, Baba Azariya, tsohon leburan kuza ne. Gwiwoyinsa sun mutu, da sanda biyu yake tafiya. Ya tambayi sana'a. Meshak ya buɗe waya da fahariya, ya nuna masa hoton filin, ga tanti, ga mota.

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Ƙeranar da ta kewaye wurin nan fa?"

"Ta tare hanya, Baba. Na bi ta kanta da mota."

"Sau nawa ka kwana a nan?"

"Ya fi ashirin."

"Kun gasa nama? Kun yi kiɗa?"

Meshak ya ce sun yi.

"A kan ɗana kuka yi. Tashi."

A hanya kawunsa ya fayyace masa. Masu haƙar kuza in rami ya rufta da mutum aka kasa ciro shi, sukan cike ramin, su daidaita ƙasa, su kewaye da ƙerana. Duk ɗan gindin dutse ya san wannan. Meshak a kwatas ɗin jirgin ƙasa ya tashi, ba wanda ya taɓa gaya masa. Ezekiyel, ɗan farin Baba Azariya, shekara goma sha tara ke nan yana ƙarƙashin filin.

Sati bai cika ba tsohon ya aika wa Gregory, wani malamin makaranta a Zonkwa da ya daɗe yana son Hulda, cewa ya turo mutanensa bayan an cire citta.

Saƙonta ya zo wa Meshak: "Ban ƙi ka ba. Amma yayana ne. Ina shekara biyar lokacin, abin da na tuna kawai yakan ɗora ni a wuya. Kada ka kira."

Bai kira ba. Ya daina ɗaukar baƙi. Ya riƙa saro ƙerana yana cika bayan mota, yana hawa shi kaɗai, yana dasawa inda tayarsa ta murƙushe. Ruwan ƙerana fari ne kamar nono, yana cin fata. Sati uku hannuwansa suka saɓule. Bai gaya wa kowa ba.

Sai ga wani saƙon: "Baba ba ya cin abinci. Ya sa an jawo masa allon siminti daga bayan rumbu, wanda ya zuba da sunan Yaya shekara shida da suka wuce. Gwiwoyinsa suka mutu kafin ya kai shi sama, samari kuma suna tsoron wurin. Yana zaune yana kallonsa. Ban san me ya sa nake gaya maka ba."

Da safe Meshak ya tsaya a ƙofar gidan.

"Baba, ba neman aure na zo ba. Mota na kawo. Ita kaɗai ke iya hawa."

Tsohon bai dube shi ba. Can ya ce, "Hulda, ɗauko hulata."

Awa uku suna hawa, mota na cikin giya ta ɗaya. Mota na jijjiga a kan duwatsu, tana raɓa tsofaffin ramuka cike da koren ruwa. Hulda na baya, ta rungume allon kada ya tsage.

Nesa da filin ya kashe mota. Ya goya allon ya kai. Ya dawo ya goya tsohon.

Baba Azariya ya ga sabuwar ƙerana a jere. Ya dubi hannuwan da ke riƙe da ƙafafunsa. Suka kafa allon, Hulda ta durƙusa ta yi kuka, irin wanda ba ta san yi ba tana shekara biyar.

"A nan zan kwana," in ji tsohon.

Meshak ya kafa musu tanti a wajen shingen, shi ya kwana a mota.

Da gari ya waye ya tarar da tsohon zaune a ƙasa, hannunsa a kan allon.

"Shekara shida ban zo ba," ya ce. "Ba wanda ya zo sai kai. Ezekiyel mai son hayaniya ne. Shiru ne ba ya so." Ya share ido da hula. "Ka yi laifi. Ka gyara da hannunka. Turo kawunka."

Tsohon da kansa ya aika wa Gregory da ban haƙuri.

A watan Disamba aka ɗaura auren a coci. Baba Azariya bai yi rawa ba, bai yi murmushi ba. Da suka durƙusa gabansa ya ɗora hannu a kansu.

"Duk shekara ka kai ni wurin Ezekiyel. In ba ni, ka kai ta."

"Zan kai, Baba."

Hulda ta riƙe hannun mijinta mai tabo, ta ce a hankali, "Direban yashi, wannan karon ba ka kafe ba."

Tsohon ya ce, "Ubangiji ya yi muku albarka. Ya ba ku 'ya'ya, su kuma su binne ku, ba ku ku binne su ba."

Duk cocin ya ce amin.