Wa Ya Ciyar da Karnukan Gershon?

Mata masu neman itace ne suka ga gawar a gindin dutse, bayan Madakiya. Kafin rana ta yi zafi Sufeto Meshak ya iso daga Kafanchan, Kofur Afiniki na biye da shi.

Sufeton ɗan yankin ne, amma a Legas ya yi karatu, a can ya fara aiki. Da ya dawo gida ya tarar waɗanda ya sani sun mutu ko sun tashi. Ɗaki ɗaya yake zaune a bariki.

Mamacin Baba Gershon ne. Tun yana saurayi yake kiwon karnukan farauta, yana ɗauko 'ya'yan shaho daga kan dutsen nan yana horar da su. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai.

"Farauta ya hau yi, ya zame, oga," in ji Kofur. "Likita ya ce ya kwana biyu a nan."

Sufeto ya laluba aljihun mamacin. Ya fito da 'yar ƙararrawa da igiyar fata ta ƙafar shaho, an yanke ta da wuƙa.

"Da ƙararrawar nan yake sanin inda tsuntsun ya sauka. Mai farauta ba zai cire ta ba. Sakinsa ya hau yi."

A gidan Gershon karnuka shida suna kwance cikin shinge, cikinsu a cike. Ruwan kwanonsu garau, ko ganye bai faɗa ba. Ragowar dusa da busasshen kifi ba ta bushe ba tukuna.

"Wa ya ba su abinci?" in ji Sufeto.

Wata maƙwabciya ta tafa hannu daga bakin ƙofa. "Mu? Allah ya kiyaye! Baba ba ya yarda kowa ya taɓa kwanon karen shi. Ko fasto a waje yake tsayawa."

Sufeto ya dubi Kofur. "Da safen nan aka ga gawa. Amma wani ya san tun kafin nan cewa maigidan ba zai dawo ba."

Da rana Serah, 'yar mamacin, ta iso daga Sabon Tasha, a Kaduna.

"Murna yake yi zai koma wurina," ta ce. "Lafiya lau muka shirya."

"Madam, ko riga ɗaya bai ninke ba," in ji Sufeto.

Ta zauna a kan benci.

"Idonsa ya fara mutuwa. Na kira shi a waya na ce ya zo, amma ban da karnuka. Gidan haya nake. Ya ce ba wanda zai yi farauta da su bayansa, zai san yadda zai yi da su. Na kashe waya."

A ɗakin tsohon, Kofur ta tsinci leda mai sunan wani shagon kayan noma a Kafanchan. Ba komai a ciki.

Mai shagon, Uzoma, ya girgiza kai tun kafin a gama tambaya. "Ban san shi ba, oga."

Sufeto ya ajiye ledar a kan kanta.

"To, ya zo. Maganin ɓera ya saya, babban ƙunshi. Na yi mishi wasa, na ce Baba, ɓera nawa ne a gidanka? Ya ce shida."

"Wa ya ji?"

"Wani tsoho yana nan yana sayen taki. Azariya, na Madakiya. Ya bar taki, ya fita."

Ba a sami ƙunshin a gidan ba, ba a same shi a jikin gawar ba.

Baba Azariya yana zaune a ƙofar gidansa yana fere icen fartanya. Tare suka tashi da Gershon, tare suka yi farauta, kuma daga karya ɗaya zuriyar karnukansu ta fito.

"Na yi shekaru ban taka gidansa ba, yarona," ya ce. "Ciwo ya kwashe karnukana. Na roƙe shi ɗan kwikwiyo ɗaya, ya hana ni. Shi ke nan muka ɓata."

"Yaushe ka ji ya mutu?"

"Yau, kamar kowa."

Sufeto ya leƙa bayan gidan Azariya. Shingen karnuka na nan, babu kare ko ɗaya, amma an share shi tas, an gyara ƙofarsa da sabuwar waya.

A hanya ya ce wa Kofur, "Kada kowa ya ba karnukan nan komai. Ko Serah."

"Haba oga, me suka yi?"

"Ba komai."

Washegari karnukan suka fara kuka tun da safe. Da rana kukan ya kai har ƙarshen unguwa. Sufeto ya zauna a ɗakin Gershon, kusa da turken shahon da ba komai a kansa, yana kallon shingen ta taga. Bai ci komai ba shi ma.

Da la'asar masarar da ke bayan gidan ta motsa. Azariya ya fito da bokiti a hannu. Karnukan suka yi tsit. Ya kira su ɗaya-ɗaya, kowanne da sunansa.

"Baba," in ji Sufeto daga bayansa.

Tsohon bai juya ba. "Bari in gama."

Sufeto ya bar shi ya gama. Sannan Azariya ya sa hannu a aljihu ya miƙo ƙunshin maganin ɓera, ba a buɗe ba.

"Na bi shi kan dutse. Ina kallo ya yanke igiya, tsuntsun ya tafi. Na ce Gershon, ba ni karnukan, ko sunana kada su sani, zan dai ciyar da su. Ya ce kafin rana ta faɗi zai binne su da hannunsa. Na kama aljihunsa, ya kama wuyana. Na ƙwace maganin, na ture shi, ya faɗa ƙasa."

"Ka sauka ka duba shi?"

"Na sauka. Ya riga ya tafi. Daga nan na zo na ba su abinci."

Kofur Afiniki ta sa masa ankwa. Serah na tsaye a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, motar Kaduna take son samu.

Azariya ya dube ta. "'Yata, gobe wa zai ba su?"

"Gidan haya nake, Baba."

Ya dubi Sufeto.

"Ban sani ba," in ji Sufeto.

Aka sa tsohon a mota. Kofur ta ɗauko bokitin za ta haɗa da kayan shaida.

"Bar shi nan," in ji Sufeto Meshak. Ya leƙa ta tagar motar. "Baba, dusa nawa ake zubawa?"