Kukan Injin Malam Khalilu

Huseina na tankaɗe a tsakar gida Baba ya yanke hukunci, ko kallonta bai yi ba.

"Kawunki ya dawo daga bincike. Yaron nan Basiru yana sallah, yana noma. Amma an ce yakan kulle kansa a ɗaki da jita da lasifika, ba waƙa ba kirari, sai gunji guda ɗaya kamar jirgi ya kasa tashi. Ba zan ba mai taɓin iska 'yata ba."

"Baba, lafiyarsa ƙalau, wani sitayil ne na kiɗa—"

"Rufe min baki."

Inna Hure ta ce, "Da ma kalangu yake kaɗawa, da mun san irin kunyar da za mu ji."

Shekarar ce man gas ya gagari talaka. Baban nata, Malam Khalilu, ya sayar da injin niƙan da yake juyawa tun kafin a haifi Huseina, ƙauyen nasu na gefen Minjibir ya yi tsit. Tun ranar kunnensa ke masa wani siririn kuka, barci ya ƙaurace masa, ya rame, ya zama mafaɗaci.

Basiru ya kira ta a waya. "Mu gudu birni, Husee. Abokina yana da situdiyo."

Tana hawaye ta ce, "Ba zan shiga gidanka ta bayan Baba ba. In za ka iya jira, ka jira."

Ya jira. Damina ta wuce, aka yi girbi mara auki.

Wata rana bayan azahar tana wanki, ta kunna kiɗan da Basiru ya turo mata a waya, ta manta Baba na kishingiɗe a zaure. Gunji ne mai kauri, jitar na jan sauti ɗaya a kansa ba ta saki.

"Huseina. Kawo abin nan."

Ta kai masa. Ya kara wayar a kunne, ya daɗe bai motsa ba.

"Wannan injina ne," ya ce a hankali. "Ji tarin da yake yi in bel ya saki. A ina ya same shi?"

"Ya ɗauki sautin ne a waya ranar da ya kawo niƙan innarsa, kafin ka sayar da injin. Ya ce bai taɓa jin murya mai daɗinta ba."

Hawaye suka gangaro cikin gemun Baba. "Mutane toshe kunne suke yi in na tayar da shi. Ashe akwai mai saurare."

Bai mayar mata da wayar ba. Nan ya yi barci, har sai da Inna ta tashe shi sallar la'asar.

Washegari ya aika a kira Basiru. Yaron ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ka turo magabatanka," in ji Malam Khalilu. "Amma jitar nan ka rage mata baki, tana danne min inji."

Masu cewa na ƙara gishiri, alhali ban taɓa yi ba, su je su tambayi Inna Hure. 'Yan mata dai ku riƙe wannan: da Huseina ta gudu, da wayar ba ta yi kuka kusa da zauren ba. Haƙurinta ne ya kai Basiru kunnen mahaifinta.