Kwalba Ta Huɗu

Ranar da Mai Rediyo ya fara ganin Auta, yana durƙushe ne bayan kabad ɗin babanta, sukundireba a baki, yanar gizo-gizo a ka. Ta shigo da ruwa ta ce, "Sannu da aiki. Zai tashi kuwa?"

Ya buɗe baki zai amsa, sukundireban ya faɗi. Ta yi dariya. Shi ke nan, an gama da shi.

Abin da aka kira shi ya haɗa tsohon amfilifaya ne, na'urar ƙara sauti, mai kwalaben gilashi huɗu a ka, waɗanda sai sun yi ja kamar garwashi kafin sauti ya fito. Na marigayiya ne, mahaifiyar Auta. Shekara bakwai yana cikin kwali. Yanzu Baba ya yi ritaya, yana so ya ji faya-fayen da suke ji tare.

Aikin yini biyu ne, ba ƙari. Ya canja wayoyin da ɓera ya ci, ya janye sifiku biyun daga bango, ya karkato su suna kallon kujerar Baba. Da Baba ya fita salla, ya gwada. Amfilifayan ya tashi ras. Nan shaiɗan ya raɗa masa: in ka ce ka gama, da wane dalili za ka dawo? Ya kashe, ya jira ya huce, ya zare kwalba ɗaya ya naɗe a hankici, sai aljihu.

"Baba, ɗaya ta mutu. Sai an nemo."

Sati biyar ana nema. Kullum da la'asar yana zuwa duba waya, wayar da lafiyarta ƙalau.

"Haskena, yau ma ba a samu ba," ya rubuta mata.

"Sarkin Waya, in dai neman ne ke kawo ka, a yi ta nema. Amma ka taimaka, Baba ya ƙosa."

Baba kuwa ba ya yi da shi. Da aka kai masa maganar neman auren Auta, cewa ya yi, "Mutumin da ya kasa samo kwalba ɗaya, shi zai riƙe mace?" Ɗan abokinsa yake so, mai shagon kayan sauti na zamani.

Wata Asabar Mai Shago ya zo da sabuwar sifika a kwali, ya tarar da su duka a falo. Ya taɓa amfilifayan da bakin takalmi.

"Baba, ai wannan gawa ce. Bari in kai wa masu gwangwan, ka huta."

Baba ya daɗe yana kallon amfilifayan. "Ɗauka. Na gaji da jira."

Idon Auta ya cika da ƙwalla. Mai Rediyo ya ji kwalbar tana masa nauyi a aljihu. In ya yi shiru, kayan uwarta sun tafi bola. In ya yi magana, ya zama maƙaryaci a gaban wanda yake neman 'yarsa.

"Ajiye shi," ya ce.

Ya kwance hankicin, ya dasa kwalbar a mazauninta. Mai Shago ya kai hannu zai kunna, Mai Rediyo ya buge hannun. "Ba a kunna shi sai an jona sifika, ƙonewa zai yi." Ya jona, ya ɗora faifai, ya kunna. Shiru.

"Ka gani ko?" in ji Mai Shago.

"Jira. Sai ya ɗau ɗumi."

Kwalaben suka yi ja a hankali, waƙa ta cika falon. Baba ya rufe ido. Sai da ta ƙare tas ya buɗe.

"Tun yaushe take aljihunka?"

"Sati biyar, Baba."

"Fitar min daga gida."

Saƙon Auta ya riske shi a hanya: "Da kayan Ummata ka yi wasa. Kar ka sake kira na."

"Na yi laifi, ba ni da bakin magana. Amma da a kai shi bola gara a kore ni."

Kwana tara ba amsa. Ran na goma: "Baba na neman ka. Ni dai ban huce ba, Sarkin Waya. Ka sa riga mai kyau."

Baba na kan kujerarsa, kwalaben na ci. "Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Idonta na gani, Baba."

"Hmm. Kai maƙaryaci ne, amma ba ka iya ba. Turo manyanka."

Bayan ɗaurin aure, Baba ya kira su falo. Ya kashe amfilifayan, ya jira ya huce, ya zare kwalba ɗaya ya miƙa wa ango.

"Mayar aljihunka. Duk Asabar ina son jin faifaina. Ka kawo min ita, ka haɗo min da 'yata."

Auta ta rufe fuska tana dariya tana kuka. Baba ya dafa kawunansu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku haƙuri da juna. Kai kuma, in ka makara, ni zan zo da kaina."