Bajon Auta da Yarinya Mai Jar Jaka

Ranar da aka buɗe makaranta, Auta ta riga kowa tashi. Ta goge rigar makarantarta, ta sake gogewa. Sannan ta maƙala bajonta a ƙirji. Malama Shugaba ce ta ba ta shi, domin ita aka zaɓa ta shugabanci masu tarbar sababbin ɗalibai.

Yayanta ya dube ta ya kwashe da dariya.

"Ranki ya daɗe, Gwamna! A kawo mota ne?"

"Yi ta yi," in ji Auta. "Yau za ka ga aiki."

A bakin ƙofar makaranta, Auta ta tsaya ƙyam. "Ke, matsa can! Kai, gyara layi!" Har a ofishin malamai ana jin muryarta. Auta ba malalaciya ba ce, a gaskiya. Sai dai ta ɗauka shugabanci ɗaga murya ne da nuna yatsa.

Sai wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai jar jaka ta ja mata riga.

"Yaya, ina aji ɗaya?"

Auta ko sunkuyawa ba ta yi ba. Ta nuna da yatsa.

"Can. Ki miƙe, ki juya, sai ki tambayi wani."

Yarinyar ta tafi. Ta tambayi wani, ya ce ta tambayi wata. Ita ma ta tura ta gaba. Sai da aka kaɗa ƙararrawar tara sannan mai gadi ya tsince ta a bayan azuzuwa, inda ake tara karyayyun bencina. Ta rungume jakarta, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Malama Shugaba ta kira Auta ofis.

"Wa yarinyar nan ta fara tambaya?"

"Ni ce, Malama. Amma ai na nuna mata."

"Mamarta ta zo ta tafi da ita. Yarinyar ta ce ba za ta ƙara zuwa makaranta ba." Malama ta miƙa hannu. "Ba ni bajon. Zai zauna a aljihun teburina har ranar da ta shiga aji da ƙafarta."

Auta ta cire shi ta miƙa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. A ganinta ba a yi mata adalci ba.

Kullum idan an tashi, Auta takan wuce wurin aikin Ummanta, su koma gida tare. Umma a ofishin fansho take aiki. Nan ne tsofaffin da suka gama aiki suke zuwa idan sun sami matsala da abin da ake biyansu duk wata. Umma ce shugabar sashen da ke saurarensu.

Auta ta sami kujera a lungu ta zauna, ta cika ta yi fam. 

Tana zaune sai wani tsoho ya sauko daga bene yana dogara sanda. Yana haki. Ya tsaya tsakiyar zauren yana waige-waige. Umma ta hango shi ta tagar ofishinta. Ta ajiye abin da take yi ta fito.

"Baba, sannu da zuwa. Zo ka zauna."

Ba ta koma bayan teburinta ba. A benci ɗaya ta zauna da shi.

"'Yata, ni tsohon direba ne," in ji shi. "An ce sai an sake ɗaukar hotona. Wancan yaron ya ce in hau sama. Na sama suka ce in sauko. Na yi shekaru ina tuƙi ban taɓa ɓata ba, yau ga shi na ɓata a cikin gida ɗaya."

"Ka yi haƙuri, Baba. Laifinmu ne. Daga yanzu ni ce da kai."

Ta sa aka kawo masa ruwa. Ta riƙe masa jaka, suka tafi a hankali har ɗakin ɗaukar hoto. Ta tsaya har aka gama. Sannan ta raka shi bakin titi.

Da ta dawo, ta kira sabon ma'aikacin da ya tura tsohon sama. Auta ta gyara zama, tana jira ta ji faɗa. Amma Umma gefe ta ja shi, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya gyaɗa kai ya koma aikinsa.

A hanyar gida Auta ta kasa haƙuri.

"Umma, ba ke ce shugaba ba? Me ya sa ba ki aiki wani ya raka shi ba?"

"Ni ya gaya wa damuwarsa. A sashenmu doka ɗaya muka fi riƙewa. Duk wanda ya fara tambayarki, naki ne, har sai ya sami abin da ya zo nema."

"Ko kina da aiki da yawa?"

Umma ta yi murmushi. "Da amsa waya na fara a ofishin nan, tun ba a haife ki ba. Daga nan aka mayar da ni teburin bakin ƙofa. A can na lura mutane ba sa tsoron jira kamar yadda suke tsoron a yi ta tura su gaba. Shi ya sa nake tashi in raka su. Kada ki ɗauka don na fi kowa murya aka ba ni sashen nan." Ta dubi ƙirjin Auta. "Af, ina bajonki?"

Nan Auta ta fashe da kuka. Ta ba ta labari duka, ba ta rage komai ba.

Umma ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce, "To, yanzu yarinyar nan ta wace ce?"

Auta ta share hawaye. "Tawa ce, Umma."

Washegari Auta ta tsaya a bakin ƙofa ba bajo. Can sai ga yarinyar, ta ƙanƙame rigar mamarta. Tana ganin Auta ta ɓuya a bayanta.

Auta ta tsuguna. "Ƙanwata, ki yi haƙuri. Jiya ban kyauta miki ba. Zo in kai ki."

Yarinyar ta maƙale kafaɗa. Ta ƙi ko ɗaga ƙafa. Dole mamarta ta koma da ita gida.

Da yamma yayan Auta ya ce, "Gwamna, ki haƙura mana. Bajo ya tafi."

"Ban haƙura ba," in ji Auta. "Gobe ma ina nan."

Gari ya waye, ta sake tsayawa. Wannan karon da suka iso, ta gaishe da maman yarinyar, ta ce, "Mama, don Allah mu shiga tare da ke. Ba aji za mu je ba. Makarantar kawai zan nuna mata."

Suka shiga su uku. Auta ta nuna mata famfo. Ta nuna mata banɗaki. Ta nuna mata lilo. Sannan suka tsaya a gaban wata shuɗiyar ƙofa.

"Wannan ce taku. Ga malamarku can tana murmushi."

Yarinyar ta leƙa. Ta saki rigar mamarta, ta kama hannun Auta.

"Yaya, idan na shiga za ki tafi?"

"Ina nan bakin taga har ki zauna. Da hutun tara kuma zan zo mu je lilo."

Yarinyar ta gyara jar jakarta. Ta taka a hankali, ta shiga da ƙafarta. Da ta zauna, ta waiwayo ta ɗaga wa Auta hannu.

Auta ta ji wani daɗi da ba ta taɓa ji ba, ko ranar da aka zaɓe ta. Tana juyowa ta ga Malama Shugaba tsaye a bayanta. Malama ta maƙala mata bajon da hannunta.

"Me kika koya, Auta?"

"Malama, shugaba ba ya tura mutum gaba da yatsa. Wanda ya nemi taimakonka, ka kama hannunsa, kada ka sake shi sai ya isa."